Gonar Ƙarshen Kanal: Abin da Allurar Hoto Ta Yi wa Ƙodata

Duk wanda ya yi noman rani a ƙasar Kura ya san abin da ake nufi da gonar ƙarshen kanal. Ruwa yakan taso daga madatsar Tiga, ya biyo babban kanal, ya rarrabu cikin ƙananan magudanai, kowane manomi ya ja rabonsa, kafin ya iso ga na ƙarshe sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ranar da aka rage ruwa daga sama, mai gonar farko ko labari bai ji ba. Mai ta ƙarshe shi zai wayi gari ya tarar da tumatirinsa ya sunkuyar da kai. Irin wannan gonar na gada daga mahaifina, na sha wuyarta shekara da shekaru, amma ban san akwai irinta a cikin jikina ba sai a watan Mayun 2023, ina kwance a gadon asibiti a Kano da robar fitsari a jikina, wata likita tana zana mini ƙoda a bayan takardar magani.

Ni malamin firamare ne. Na kama aiki a 1984, na ajiye a 2019 bayan shekara 35, na koma gona gaba ɗaya, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani. An gano ina da ciwon suga a 2011, hawan jini ya biyo baya da 'yan shekaru. Ban taɓa wasa da magungunansu ba. Metfomin na suga safe da yamma, lisinofiril na hawan jini da wata 'yar ƙaramar ƙwaya mai sa fitsari kowace safiya. Duk likitan da ya tambaye ni abin da nake sha, waɗannan ukun nake lissafa masa, kuma har ga Allah ina ganin na faɗi gaskiya.

Ashe akwai na huɗu. Tun da na koma duƙe a gona sai ciwon baya ya sa ni gaba. Wani maƙwabcin gona ya ba ni ƙwaya ɗaya wata rana, na sha, kafin la'asar na miƙe kamar saurayi. Na tambayi sunanta, ya ce dikulofenak. Daga ranar ba ta ƙara barin aljihuna ba. Biyu a rana, lokacin tsinkar tumatir uku, muna ta jigila zuwa kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Kusan shekara uku ke nan. A wurina ba magani ba ce, na gajiya ce kawai, kamar goro. Magani shi ne abin da likita ya rubuta a kati. Wanda ka saya a kemis da canjin aljihu, wa zai kawo shi a lissafi?

A farkon 2023 na fara jin ciwo a gefen cikina na dama. Ba mai kayar da mutum ba ne, amma ba ya tafiya. Rigunana suka yi mini yawa, ƙarfina ya ragu, mai ɗakina ta ce idanuna sun yi fari. Na daure na yi azumi na kai Salla. Bayan Salla babban ɗana ya zo daga Kano ya gan ni, ya ce, "Baba, wannan ba gajiyar azumi ba ce. Gobe za mu tafi." Aka auna jini aka ce ya yi ƙasa sosai. Aka yi sikanin ciki, mai sikanin ya ce hanji ya cika da iska, ba ya gani da kyau. Likita ya rubuta a yi hoton siti-sikan, ya ce na mai allura, wato wanda ake ɗura wa mutum wani ruwa a jijiya domin kayan ciki su fito fili. Su ma'aikatan suna kiransa kwantiras. Ni rini nake ce masa, don aikinsa ke nan, yana rina hanyoyin jini na'ura ta gan su.

Likitan ya rubuta a yi gwajin ƙoda tukuna. Nan na yi kuskuren da nake nadama har yau. Ina da takardar gwajin da aka yi mini wata takwas da suka wuce a wurin karɓar maganin suga, kuɗin hoton kuma ya riga ya kwashe abin da albasa ta kawo. Na ce wa yarona ai ga takarda, ba sai an sake ba. A wurin hoton aka karɓe ta, aka kalli lambar, aka ce ba laifi. Ba wanda ya duba kwanan watan. Ba wanda ya tambaye ni ko ina shan wani abu na ciwon jiki, ni ma ban faɗa ba. Ba wanda ya san kwana uku kafin nan na yi ta fama da gudawa.

Aka ce in zo da safe kada in ci komai. Ni kuma mutumin da ya fito daga azumi, in aka ce kada ka ci komai, har ruwa ke nan. Tun bayan isha'i ban sa ɗigo a bakina ba, sai makurwar da na haɗiye magungunana da ita da asuba, ciki har da mai sa fitsarin, har da dikulofenak guda saboda zaman mota. Muka isa ƙarfe takwas. Layi ya yi tsawo, aka ɗauke wuta, aka jira janareta. Wanda ya san bazarar Kano a watan Mayu, kafin ruwan farko ya sauka, ya san irin zufar da mutum ke yi ko a inuwa. Ba a kira ni ba sai wajen ƙarfe biyu da rabi. A bakin ƙofa aka miƙo mini kofi biyu na ruwa, aka sa mini kanula, 'yar robar da ake sakawa a jijiya, aka kwantar da ni.

Da rinin ya shiga sai na ji ɗumi ya ratsa ni daga maƙogwaro har mara, bakina ya yi ɗanɗanon ƙarfe, na ji kamar na saki fitsari a kwance. Ma'aikacin ya ce haka kowa ke ji, zai wuce. Ya kuwa wuce cikin minti ɗaya ko biyu. Aka cire kanula aka ce mu dawo jibi karɓar sakamako. Da na ga ba abin da ya same ni, sai na ɗauka an rabu lafiya.

Washegari ban ji komai ba sai kasala. Rana ta biyu na lura tun safe sau ɗaya na kewaya, shi ma kaɗan. Rana ta uku tashin zuciya ya zo, abinci ya fita raina, takalmina ya ƙi shiga. Mai ɗakina ta danna ƙafata da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta ce, "Malam, wannan ba na zama ba ne." A daren muka koma Kano.

Akwai wani datti da jiki ke samarwa kullum daga aikin tsoka, ana kiransa kiriyatinin. Ƙoda ce ke fitar da shi, don haka in ya taru a jini an san ta gaza. A tsohuwar takardata 140 ne, wanda ma ya riga ya haura na mai lafiya. A daren da aka kwantar da ni 390. Kwana ɗaya bayan nan 480. Aka fara maganar wankin ƙoda a gaban yarona, ina ji. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan daren ba, domin na san gidaje biyu a garinmu da wankin ƙoda ya cinye musu gona da shanu.

Da safe likitar ƙoda ta zo. Ba ta fara da takardu ba. Ta ce, "Baba, ina so a kawo mini duk abin da kake haɗiya, na asibiti da na kemis da na gargajiya. Har wanda ke aljihun rigar da ka zo da ita." Yarona ya laluba aljihun, ya zaro rabin sacet na dikulofenak. Ta riƙe shi ta daɗe tana kallo, ta tambayi tsawon lokacin da na yi ina sha. Na faɗa mata. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ja kujera ta zauna, ta tambayi sana'ata, na ce noman rani. Ta ce to aikinta ya yi sauƙi.

Abin da ta gaya mini a wannan safiya da sauran safiyoyin da suka biyo, na riƙe shi kamar yadda nake son ɗalibaina su riƙe darasi, na kuma yi ta tambaya har na gane. Ƙodar nan guda biyu, kowace ba ta fi dunƙulen hannu ba, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa su yake zuwa, fiye da lita ɗaya a kowane minti. A cikin kowace akwai matatai ƙanana kusan miliyan guda. A yini suna tace ruwa kimanin lita 180, su mayar da kusan dukkansa cikin jini, abin da ke fita fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Na ce mata, Likita, mai samun jini haka ai ba zai yi ƙishi ba. Ta ce nan ne mutane ke ruɗuwa. Jinin ba daidai ake raba shi ba. Ɓangaren waje na ƙoda, inda matatan suke, shi ke kwashe kusan kashi tara cikin goma. Na can ciki kuwa ɗan ragowar yake samu, alhali a nan ne ƙananan bututai ke aikin da ya fi kowane wahala, wato jan gishiri da ruwa su mayar cikin jini, aikin da ke cin iskar oksijin sosai. Ko a jikin mai ƙoshin lafiya, wannan wurin da kyar yake samun abin da zai ishe shi.

Na ce mata gonar ƙarshen kanal ke nan. Ta ce in bayyana mata, na bayyana. Ta ce daga yau da wannan za ta riƙa yi wa manoma bayani.

Shi kuma rinin, ruwa ne mai ɗauke da aidin, kuma kusan dukkansa ta ƙoda yake fita daga jiki. Mai lafiyayyar ƙoda yakan fitar da mafi yawansa cikin yini guda. Amma a kan hanyarsa ta fita yana ɓarna iri-iri. Da ya iso, hanyoyin jinin ƙoda sukan ɗan buɗe na ɗan lokaci, daga nan su tsuke, su daɗe a tsuke. An rage ruwa daga sama ke nan, kuma mun san wanda zai fara ji. Sannan rinin yana da kauri. Da ya shiga bututan, ƙoda na ta janye ruwa daga cikinsa kamar yadda ta saba, shi kuma yana ƙara kauri, yana tafiya da nawa. Jikin da ya bushe ya fi ƙwazon janye ruwa, don haka a jikina rinin ya koma kamar lakar da ke cushe magudana. Gwargwadon daɗewarsa a wurin, gwargwadon yadda yake ƙona ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a bangon bututan, wasu su mutu su zubo, su ƙara toshe hanya. Shi ya sa ba a ganin abin a ranar. Sai bayan kwana ɗaya zuwa uku lambar ke fara hawa, ta kai ƙololuwa tsakanin kwana uku zuwa biyar, a yawancin mutane kuma ta sauko cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ta ce da yawa ma fitsarinsu ba ya raguwa, gwajin jini ne kaɗai ke nunawa.

Na tambaye ta, to mutane nawa aka yi wa wannan allurar a ranar da aka yi mini, ina suke? Ta ce suna gidajensu lafiya lau. A nan ta yi maganar da ta fi tsaya mini a rai. Allah Ya yi wa ƙoda masu gadi. In jini ya yi ƙaranci, ƙoda da kanta tana samar da wasu sinadarai, musamman wanda ake kira furostagilandin, su riƙe ƙofar shigar jini a buɗe, su tabbatar ɗan rabon ɓangaren ciki bai yanke ba. Dikulofenak da ibufurofen da 'yan uwansu, hanyar da suke kashe ciwo ita ce hana jiki yin wannan sinadarin. Suna hana shi a baya mai ciwo, suna hana shi a ƙoda. Mai jini a jika da isasshen ruwa a jiki ba lallai ya ji komai ba, don ƙodarsa ba ta dogara da mai gadin a lokacin. Dattijo mai suga wanda ya yi gudawa ya kuma wuni ba ruwa, da wannan mai gadin kaɗai yake rataye.

Akwai kuma dabara ta biyu. Kowace matata tana da hanyar shigar jini da ta fita. In jini ya ragu, jiki yakan ɗan matse hanyar fita domin ƙarfin tacewa ya tsaya, kamar yadda muke toshe bakin fangali da laka don ɗan ruwan da ya samu ya tsaya ya jiƙa ƙasa. Lisinofiril yana sassauta wannan matsewar. Ta jaddada mini cewa maganin kirki ne, shi ke kare ƙodar mai suga shekara da shekaru, kada in kuskura in tsane shi. Amma a ranar gudawa ko amai ko rashin ruwa, yakan zama dole likita ya ce a ɗan dakatar da shi, tare da mai sa fitsari. Ni a ranar hoton na haɗa su duka. Mai sa fitsari ya rage ruwan kanal, dikulofenak ya matse ƙofar shiga, lisinofiril ya buɗe ta fita, sannan aka turo rini a kai.

Ta kuma yi adalci ga rinin. Ta ce ba za ta iya rantsewa cewa shi kaɗai ya kayar da ni ba, mai yiwuwa ƙodar ta riga ta fara tangaɗi tun kafin in shiga ɗakin hoton, da an yi sabon gwaji da an gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Metfomin kuwa, ta ce ba ya cutar da ƙoda, sai dai ta ƙoda yake fita, in ta tsaya sai ya taru ya sa jini ya yi tsami, abin da kan iya kashe mutum. Ni kuwa na ci gaba da shansa har kwana uku bayan hoton. Aka dakatar da shi, aka koma yi mini allurar insulin.

Jinyar da aka yi mini ba wani abin mamaki a cikinta. Babu allurar da ke tayar da ƙodar da rini ya buge. An tsayar da magungunan nan huɗu, ana auna duk abin da na sha da duk abin da na fitar, ana ƙara mini ruwa da lissafi don kada ya taru a huhu tunda ƙafa ta riga ta kumbura, ana duba sinadarin fotasiyam a jini kullum domin in ya hau yakan tsayar da zuciya. Mai ɗakina ce ke kallon jakar fitsarin nan dare da rana. A kwana na uku a asibiti ta tashe ni da asuba, ta ce, "Malam, duba." Jakar ta kusa rabi. Ban taɓa tsammanin zan yi wa Allah godiya da hawaye a kan fitsari ba, amma na yi. Lambar ta fara sauka, aka janye maganar wanki. Kwana tara na yi aka sallame ni. Ba ta koma 140 ba. Ta tsaya wajen 170, kuma a nan take har yau. Abin da ya tafi ya tafi.

Ina cikin wannan halin ne aka kawo sakamakon hoton da ya jawo duk wannan. Akwai ƙari a babban hanjina ta ɓangaren dama, shi ke tsiyayar da jini a ɓoye. Bai bazu zuwa hanta ba. Aka jira ƙodata ta huta, aka yi mini aiki a watan Yuli, aka yanke wurin. Na daɗe ina juya wannan a zuciyata. Allurar da ta kusa kai ni ga wankin ƙoda, ita ce ta nuna abin da zai kashe ni tun yana iya ciruwa.

Ban riƙe kowa a zuciya ba, amma akwai abin da ba zan yi shiru a kansa ba. Kalma ɗaya ta isa ta canza labarina: a ce kada ka ci abinci, amma ka sha ruwa. Mutumin da ya tashi cikin azumi, in ka ce masa kada ya ci komai ka hana shi ruwa ke nan, sai in ka bambanta masa. Haka kuma tambayar "kana shan magani?" ba ta kamo dikulofenak a ƙauye. Sai an ce, "Kana shan na ciwon jiki? Kana karɓar haɗi a kemis? Kana shan jiƙo?" Haɗin nan da ake ƙulla wa manoma da 'yan dako a leda, ƙwaya huɗu ko biyar ba suna, sau da yawa akwai irin waɗannan magungunan a ciki, wani lokaci ma iri biyu a ƙulli ɗaya. Wanda ke sha bai san sunansu ba balle ya faɗa.

A watan Agustan 2024 likitan da ya yi mini aiki ya ce lokacin hoton bibiya ya yi, a duba ko ƙarin ya dawo. Na tambaya, mai allura? Ya ce mai allura. Na ce a'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Na ce a yi mini marar allura, ya ce ƙaramin ƙari a hanta zai iya ɓuya in ba rini. Na koma gida na yi sati uku ban koma ba. 'Ya'yana suka yi magana har suka gaji. Daga ƙarshe yarona ya ce to mu je wurin likitar ƙoda, duk abin da ta ce shi ke nan.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Baba, mutumin da aka yi wa hoto bara da wanda ke gabana yau ba ɗaya ba ne." Ta nuna mini wata lamba da ake lissafowa daga kiriyatinin da shekarun mutum, eGFR, mai nuna ƙarfin tacewar ƙoda. Tawa 38 ce. Ta ce a 2020 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka da gidauniyar ƙoda ta ƙasar sun fitar da matsaya ɗaya, cewa an daɗe ana zuzuta haɗarin rinin da ake bayarwa ta jijiyar hannu, har ana hana mutane hoton da suke buƙata. Haɗarin gaske yana kan wanda lambarsa ta gaza 30, ko wanda ƙodarsa ke cikin sabon rauni a lokacin. Tsoron ya samo asali ne tun zamanin tsohon rini, wanda ƙarfinsa na jan ruwa ya ninka na jini sau biyar ko fiye. Na yanzu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, akwai ma wanda ya yi daidai da jini. Ta ce wanda ake turawa kai tsaye cikin manyan jijiyoyin da ke fitowa daga zuciya, kamar a hoton jijiyoyin zuciya, ya fi wannan haɗari, haka ma maimaita allurar cikin kwana biyu ko uku. Ni ina tsakiya ne, ga suga, ga abin da ya taɓa faruwa, don haka za ta yi mini shiri irin na masu haɗari.

Yarona ya ciro waya ya ce ya karanta a intanet akwai wata ƙwaya, asetilsistin, da ake sha kafin hoto ta kare ƙoda, ko a saya? Ta ce ya bar kuɗinsa. An gwada ta, an gwada ruwan bayikabonet, a kan mutane fiye da 5,000 masu raunin ƙoda a wani babban bincike da aka wallafa a 2018, ba wanda ya fi ruwan gishirin asibiti na yau da kullum. Wankin ƙoda bayan hoto don a fitar da rinin shi ma ba ya kare ta. Abin da ya rage, in ji ta, shi ne a cika kanal kafin a saki rini, a bar masu gadi a bakin aikinsu, a kuma yi amfani da mafi ƙarancin rinin da zai ba da hoto.

Haka aka yi. Sabon gwajin jini kwana biyu kafin ranar. Dikulofenak dama na rabu da shi tun a gadon asibiti, farasitamol nake sha in baya ya matsa, na kuma ɗauki yara biyu suna yi mini aikin duƙe. Ta ce in ajiye mai sa fitsari da lisinofiril a safiyar ranar, metfomin kuma, wanda aka riga aka rage mini shi, in bar shi sai bayan awa 48 an ga sakamakon jini. Aka kwantar da ni da daddare, aka rataya ledar ruwan gishiri mai kashi 0.9, tana ɗiga a hankali, mililita ɗaya a kowane kilo na nauyina a kowace awa, tun kafin hoto har awoyi bayansa. Na tambayi malamar jinya dalilin da ba za a sake shi da gudu a gama ba, ta ce mai raunin zuciya in aka cika masa ruwa da sauri huhunsa ke cika, shi ya sa ake lissafi. Na sha ruwa da safe. Ƙarfe tara aka shiga da ni. Ɗumin nan ya sake ratsa ni, ɗanɗanon ƙarfe ya dawo, na rufe ido ina ta salati. Bayan kwana biyu aka ɗebi jini. Kiriyatinin kafin hoto 168, bayan hoto 171. Hoton kuma bai nuna komai ba, hanta fes, wurin aikin fes. Alhamdu lillahi.

Da rani da ya wuce, maƙwabcin nan nawa da ya fara ba ni ƙwayar ya same ni a bakin magudana muna jiran ruwa ya iso. Shi ma yana da suga. Ya ce an rubuta masa hoton ciki mai allura ranar Litinin, an ce ya zo bai ci komai ba. Na ce zan raka shi, amma mu fara zuwa wurin likitan da ya rubuta, kuma ya kwaso duk abin da yake haɗiya a leda ɗaya, har na aljihu, har jiƙon da ke cikin gora. Ya ce ai na aljihun ba magani ba ne. Na ce ya dai zo da shi. Muka shiga, ya ɗora ledar a kan tebur. Likitan ya zazzage ta, ya ware sacet biyu da ƙulli ɗaya gefe, ya rubuta gwajin ƙoda, ya ce ya riƙa shan ruwa sosai, ya ɗaga ranar hoton zuwa Alhamis.